Littafin Kiran Suna

Mu goma sha ɗaya teku ya tofar,
'yan makarantar kwana ta Ancud, can kudancin Chile,
a kan tsibirin da ba kowa sai dutse da gansakuka
da tsuntsaye masu kuka kamar ana bin su bashi.
Malam Evaristo ya fito da mu ɗaya bayan ɗaya,
ya koma ɗauko na goma sha biyu.
Ruwa ya riƙe su duka biyun.

Abin da ya tsira: tukunya guda, ashana tara,
da littafin kiran suna a cikin rigata,
don duk ajin ba wanda ya kai ni kyan rubutu.

Kullum da safe mukan yi sahu,
in kira, a amsa.
Muka naɗa Baldomero shugaba da ɗaga hannu,
muka raba aiki, masu itace, masu tsintar kawa, masu gadin wuta.
Ba zagi. Ba loma kafin addu'a.
Muna wanke fuska da ruwa mai yanka kamar aska
muna tuna wa juna cewa mu ba dabbobi ba ne.

Dabbar, a ganinmu, Remigio ne,
ɗan mafarautan karen ruwa,
wanda ya maimaita aji har sau biyu,
mai cin kifi ɗanye, mai fyace majina da yatsa.
Ba ya shiga sahu sai an jawo shi.

Rana ta ashirin da uku Anselmo ya soma tari.
Shi ne autanmu. Tarin ya zo da jini.

Ba wanda ya ɗauki dutse.
Ba wanda ya ɗaga murya.
Zama muka yi cikin ladabi,
kowa na jiran a ba shi dama kafin ya buɗe baki.
Baldomero ya kawo lissafi:
kawa kaza, baki kaza, cuta ɗaya.
Hannu tara suka tashi, har da wannan.
Na feƙe fensir da bakin kawa, na rubuta:
"An amince a mai da shi kogon kudu saboda lafiyar jama'a."
Ko harafi ɗaya ban kuskure ba.

Remigio ya tofa yawu a gefen wuta, ya tashi.
Muka rubuta masa laifin rashin ɗa'a.

Da safe sai in kira Anselmo,
in ɗan saurara,
in sa masa alamar wanda ya makara.
Ashana ɗaya ta ɓace. Muka kafa kwamiti.

Kwana arba'in da ɗaya masunta suka hango hayaƙi.
Ba namu ba ne, namu ruwan sama ya cinye tun jiya.
Na kudu ne.
A can suka tarar da Remigio ba riga, fatarsa ta yi shuɗi,
rigar na jikin yaron,
yana tauna kawa yana ɗura masa a baki
yadda tsuntsuwa ke yi wa ɗanta.

Da muka koma, Fada ya ɗaga littafin a coci,
ya ce ku duba, tarbiyya ba ta nutsewa.
Iyaye suka yi ta kuka, ana shafa mana kai.
Ba wanda ya buɗe shafi na sha tara.

Anselmo ya rayu. Yana gyaran takalmi a Castro.
Nakan kai masa nawa ko ba su lalace ba,
ya karɓa, ya faɗi kuɗi, ba ya ƙara ko kalma.
Remigio teku ya ɗauke shi kafin ya yi furfura.
Ni kuwa shekara arba'in na yi a ofishin rajista,
ana yabon tsabtar takarduna.

Jiya jikata Leontina ta zo da aikin gida,
wai an tambaye su ko akwai dabba a cikin ɗan Adam.
Na ce ta je ta tambayi kakarta.
Ta ajiye fensirinta a kan teburina, ta fita.
Har yanzu yana nan, ban taɓa shi ba.